Daga Allon Zayyana Zuwa Ɗakin Zane na Jami'a

A kakar bara, bayan an kai amfanin gona gida, hankalin manoma ya kwanta, wata lalura ta zumunci ta kai ni Maruda, cikin ƙasar Gwandu, na sauka a gidan wani ɗan'uwana wanda muka daɗe ba mu sadu ba. Tun kafin a shimfiɗa mini tabarma idona ya faɗa kan bangon zaure, inda wani ya ɗauki gawayi ya zana motar ɗaukar albasa, irin waɗanda ke tasowa daga wajen Aliero. Kuma abin da ya tsayar da ni shi ne, mai zanen ya karkatar da buhunan zuwa gefe guda kamar yadda kaya ke yi idan an cika lodi, ya sa tayar baya ta ɗan lotsa saboda nauyi, sa'an nan ya ɗora yaron mota a bisa kayan, ya naɗe fuska da ƙyalle don ƙura. Maigidan ya ga inda nake kallo, sai ya shiga ba ni haƙuri, ya ce aikin ɗansa ne mai shekara goma sha uku, ya hana shi har ya gaji. Da na ce masa akwai waɗanda suke zuwa jami'a domin wannan, sai ya gyara zama, ya ce, "Malam, da gaske mutum zai shekara huɗu yana karatun zane? In ya gama kuma, wa zai ɗauke shi aiki?" Akwai tambaya ta uku wadda bai furta ba sai da dare ya yi, alhali kuwa ita ce ta fi damunsa, watau hukuncin abin a shari'a.

Ya kamata a fara da bayyana fannin kansa, domin kalmar zane a bakinmu tana ɗauke da abubuwa da yawa. Akwai mai zanen da yake yin hoto domin hoton kawai, a rataye a bango a yi sha'awa. Akwai kuma wanda zanensa hidima yake yi wa magana, watau a ba shi labari, ko darasi, ko gargaɗi, ya fitar da surarsa yadda ido zai kama abin da kunne ya ji, ko abin da harafi ya kasa isarwa. Wannan na biyun shi ne abin nufinmu, kuma duk wanda ya zauna a zauren malami zai gane matsayinsa idan aka ce masa, matsayin hoton littafi ga rubutu kamar matsayin sharhi ne ga matani: ba ya tsayawa shi kaɗai, ba ya kuma da izinin ya faɗi abin da matanin bai nufa ba, amma sau da yawa ta ƙofarsa ɗalibi yake shiga.

Mutanen ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga alƙalamin da ke yin abin da ya wuce harafi. Garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, ya karantar, ya yi wallafa, har Allah ya karɓi ransa a 1829, gari ne da littafi yake yawo a cikinsa da rubutun hannu, kuma marubutan da suka kwafe littattafai irin su Liya'ut Ta'awili sun san cewa shafi yana da tsari da ma'auni. Na taɓa zama kusa da wani alaramma yana rubuta Alƙur'ani, na ga yadda ya jera kwalabe huɗu a gabansa: baƙar tawada domin baƙi, ja domin wasali, rawaya domin hamza, kore domin alamar sadarwa, na ga yadda yake fiƙe alƙalamin gamba sau biyu, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, yadda yake barin gurbin kumsa bayan aya biyar da kuri bayan aya goma, da yadda, idan ya kai kan hizbi, yake ajiye rubutu ya shiga zana da'ira a gefen shafi, yana cika ta da layuka masu saƙa da juna, ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Wanda ya ga allon zayyana na ranar sauka, ko aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko dagi a goshin soro, ko aikin dukawan Sakkwato a kan fata, ya san cewa daidaita layi da launi da fili tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Abin da muka ƙaranta a cikinsa shi ne zanen da ke kwaikwayon abin da ido yake gani, kuma dalilin haka sananne ne.

Hadisan da suka zo da tsoratarwa ga masu yin sura ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim, kuma babu mai imani da zai yi wasa da su. Amma malamai sun yi tafsili a kan mas'alar, kuma tafsilin malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, shi ne cewa haramcin ya tabbata a kan surar abu mai rai idan tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku. Surar da aka shimfiɗa a takarda ko a tufa, wadda ba ta da inuwa, sun sauko da ita zuwa karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Surar abin da ba shi da rai kuwa, kamar itace da dutse da jirgi da gini, halal ce, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya nusar da wani mai sana'ar sura zuwa ga irin wannan. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, suka haɗa mai inuwa da marar inuwa a hukunci guda, kuma saɓanin yana nan har yau, ba ni ne zan yanke shi ba. Abin da na gaya wa mai masaukina shi ne ya tafi wurin malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ya kai masa mas'alar filla-filla, ya bayyana masa cewa ana maganar hoton littafin makaranta ne da takardar gargaɗin asibiti, domin fatawa tana bin yadda aka siffanta tambaya.

Tarihin Musulmi ma yana da abin cewa a nan. Littafin Maƙamatul Hariri, wanda manyan ɗalibai suke karantawa a zaurukanmu domin lugga, akwai kwafinsa da Yahaya al-Wasiɗi ya rubuta ya kuma yi wa hotuna a shekarar 1237, yana nan ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa, kuma daga cikinsa ne mutanen yau suke ganin yadda ayari da kasuwa da majalisin alƙali suke a Iraƙi ta wancan zamani. Likitan Andalus, Zahrawi, ya zana surar kayan fiɗa a littafinsa domin wanda bai taɓa ganinsu ba ya iya sa maƙeri ya ƙera. Dala'ilul Hairati da ke hannun tsofaffinmu yana da shafin da aka zana Raula mai albarka. A nan gida kuma, lokacin da Bature Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar ƙasashe da koguna wadda ya samu daga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Ingila. Duk waɗannan zane ne da aka yi domin bayani.

Shigar hoto cikin littafin Hausa na boko kuwa a Zariya ta faru. Can ne Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan a shekarun 1950 hukumar NORLA ta cika ƙasa da ƙananan littattafai na yaƙi da jahilci. Waɗanda suka yi wannan aiki sun fahimci cewa dattijon da ya fara koyon baƙi da wasali yana da shekara arba'in, hoto ne yake riƙe shi a kan shafi har harafi ya zauna masa. Sai dai hannun da ya zana hotunan farko sau da yawa na baƙi ne. Cikinsu har da wata 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda ta yi aikin zane a Gaskiya, daga baya ta auri East. Ba na faɗin wannan don rage musu daraja, domin sun yi aiki da kyakkyawar niyya da ƙwarewa. Ina faɗi ne domin a ga cewa tun farkon al'amari mun sami marubuta daga cikinmu, irin su Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, masu zane kuwa muka yi jinkirin fitar da su.

A Zariyar dai aka dasa makarantar da ta zama uwa ga karatun zane a Nijeriya. A 1955 aka ɗauko sashen zane na kwalejin fasaha da kimiyya ta ƙasa daga Ibadan aka kawo shi Zariya, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ta gaje shi. A 1958 wasu ɗalibai na wannan sashe, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suna masu cewa ba daidai ba ne a koya wa ɗan Afirka zane kamar ba shi da gadon komai, ya kamata ya karɓi dabarun Turawa ya haɗa da abin da ya tarar a gidan ubansa. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, kuma dukansu biyu sun yi wa littattafai hotuna: na farko ya yi wa Things Fall Apart na Chinua Achebe, na biyu ya yi wa littattafan Achebe da Cyprian Ekwensi. Abin da yake ci mini rai duk lokacin da na tuna wannan tarihi shi ne, waɗannan samari sun zauna a tsakiyar ƙasar Hausa, suna wucewa ta gaban sorayen birnin Zazzau masu ado, da masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, suka koyi darajar gadonsu a ƙasarmu, mu kuwa masu gidan ba mu aika 'ya'yanmu da yawa su zauna tare da su ba.

Yau a Jami'ar Ahmadu Bello sassa biyu ne suke ɗauke da wannan ilimi. Ɗaya shi ne sashen zane-zane, inda ake koyar da zanen fenti, da sassaƙa, da tarihin fannin, da hanyoyin koyar da shi. Ɗayan shi ne sashen tsara kayan masana'antu, inda ake da zanen bugu da talla, wanda ake kira girafik, da zanen tufafi, da ginin tukwane da tangaran. Mai son zanen littafi, galibi ta ƙofar girafik yake shiga, domin a Nijeriya ba a cika ware shi a matsayin digiri mai zaman kansa ba, kamar yadda ake yi a wasu makarantun Ingila da Amurka. Uba mai taka-tsantsan ya san cewa ɗalibin sashen farko zai gamu da darasin sassaƙa a shekarunsa na farko, kuma wannan shi ne mai inuwar da aka yi magana a kai. Gara a sani tun a gida. Ban da Zariya akwai Jami'ar Maiduguri, akwai kwalejojin ilimi masu ba da NCE cikin shekara uku, akwai kwalejojin fasaha masu ba da difloma ta shekara biyu da babbar difloma ta wasu shekara biyu, a kudu kuma akwai Yaba da Nsukka da Ife da Auchi. Sharaɗin shiga jami'a shi ne na kowa: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Ingilishi, da jarrabawar JAMB, ko kuma shiga kai-tsaye ga mai NCE ko difloma. Tun da kuwa darussan da kowace makaranta take nema suna canzawa, wajibi ne ɗalibi ya duba kundin JAMB na shekarar da zai nema, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta. Yaron Maruda yana da jami'ar tarayya kusa da shi a Kalgo, wadda aka kafa a 2013, da ta jiha a Aliero, amma hanyar da masu wannan fanni suka fi takawa ita ce wadda ta bi ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa ta sauka Zariya.

Abin da ake koya a can ya fi abin da mutane suke zato wuya. Ɗalibin da ya zo yana taƙama da cewa duk unguwarsu babu kamarsa, sai a ajiye masa tulu da ƙwarya a kan tebur, a ce ya zana su, ya yini yana yi, malami ya zo ya nuna masa cewa bakin tulun da ya zana da'ira ce cikakkiya, alhali daga inda yake zaune idonsa bai ga da'ira ba, abin da ya sani ya zana, ya bar abin da ya gani. Daga nan ake fara tarbiyyar ido. Sai ilimin nesa da kusa, wanda yake bayyana dalilin da ya sa hanya take tsukewa idan ta yi nisa; sai haske da inuwa; sai ƙirar jiki, ƙashi da tsoka, domin hannun da ke riƙe da fartanya ya bambanta da wanda ke riƙe da tasbaha; sai haɗa launi; sai tsara haruffa da shafi; sai dabarun maɗaba'a; sai aikin kwamfuta da manhajoji irin su CorelDRAW da Photoshop. Ana tura ɗalibi kasuwa da tasha da littafin zane a hannu, ana kuma tura shi koyon aiki na wasu watanni a kamfani. Kuɗin kayan aiki yana da nauyi, takarda da fenti da buroshi, daga baya kuma kwamfuta mai ƙarfi, kuma wannan ya kamata uba ya sa a lissafi tun farko, ko da yake lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 yana rage wani abu.

Game da abinci kuwa, gaskiya ita ce aikin albashi mai sunan mai zanen littafi kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda ya ce wa yaro ofis yana jiransa ya yaudare shi. Mafi yawan waɗanda suka gama suna shiga koyarwa, ko su zauna a maɗaba'a suna tsara kalanda da katin biki da fastar 'yan siyasa da kwalin kaya, zanen da suke ƙauna kuwa su yi shi da dare. Waɗansu suna samun aikin bangon littattafan hikaya na Kano da fastar finafinan Hausa. Kaɗan suna kaiwa ga jarida, kamar Mustapha Bulama na Daily Trust, wanda zanensa guda yakan faɗi abin da sharhin shafi guda bai faɗa ba. Waɗansu suna yi wa mawallafan ƙasashen waje aiki ta intanet daga ɗakinsu, waɗansu sun shiga zane mai motsi. A wannan sana'a kundin ayyukan mutum ake fara dubawa kafin takardar shaidarsa, kuma wanda bai san hakkinsa ba yakan sayar da zane sau ɗaya a buga shi sau dubu. Saboda haka sanin dokar hakkin mallaka ta 2022 da rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki suna cikin sana'ar.

Amma inda na fi ganin bukata, kuma inda zuciyata ta fi karkata, shi ne wajen mutanenmu da ba su karanta boko. Manomin shinkafa a fadamar Kebbi yana sayen maganin feshi wanda bayaninsa yake cikin Ingilishi da ƙananan haruffa. Uwa tana karɓo maganin yaro ba ta san awo ba. Ma'aikatan rigakafi da malaman gona suna yawo da takardu masu hoto, kuma cibiyar yaɗa dabarun noma ta NAERLS a Zariya ta daɗe tana buga irinsu. Hoto a nan yana iya zama tsakanin lafiya da cuta. Idan kuwa wanda ya zana shi bai san mu ba, sai ya sa wa matar ƙauye tufafin da ba ta fita da su, ko ya zana mutum yana ba da abu da hagu, mai kallo ya kau da kai, ya ce wannan ba da shi ake ba. Yanzu ga na'urorin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, kuma babu shakka sun fara cinye ƙananan ayyukan da masu zane suke samu. Sai dai abin da aka tara musu suke juyawa, kuma abin da aka tara game da mu kaɗan ne. Na gwada neman hoton masuncin Argungu, aka ba ni mutum a cikin kwalekwale da ƙugiya, babu gora babu homa. Wanda zai gane wannan kuskure, balle ya gyara shi, sai wanda ya tsaya a bakin Matan Fada, ko ya tashi cikin waɗanda suka tsaya.

Kafin in bar Maruda na nemi a kira mini yaron. Ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baffa, ga ni," yana tsammanin faɗa. Na tambaye shi don me ya sa tayar baya ta lotsa, ya ce ai haka take idan an yi lodi, ya gani a bakin hanya. Na ba mahaifinsa shawara cewa kada a cire shi daga allo ko daga boko, a bar shi ya riƙa zama wurin mai zayyana idan akwai a kusa, a kuma nema masa littafi marar layi domin bangon zaure ya huta. Da na koma gida na aika masa da littafin da fensir shida. Bayan wata biyu wani mai zuwa Birnin Kebbi ya kawo mini shi a cike: akwai rumbu, akwai injin ban-ruwa da bututunsa, akwai garma da karkiya, akwai keken ɗinki wanda ya zana sau huɗu kafin ƙafarsa ta zauna daidai. A shafin ƙarshe mahaifin ya sa an rubuta mini da ajami cewa ya je wurin malam, sun yi magana mai tsawo, kuma yana so in aiko masa da sunayen darussan da yaron zai riƙe idan ya shiga babbar sakandare.